Fankar Zuƙe Tururi a Banɗaki: Ta Bango, Ta Taga, Ta Silin Ko Ta Cikin Bututu?

Idan fentin silin ɗin banɗaki ya fara ɓarewa, baƙin funfuna ya bi layin tayil, tawul ya kwana a rataye bai bushe ba, to maganar ko ana buƙatar fanka ta ƙare. Saura wace iri. A nan ne mutum yake rikicewa, domin a ido duk kusan kamarsu ɗaya: farar roba mai raga a fuska, da waya a baya. Bambancin yana bayan ragar, kuma ba ƙarami ba ne. Akwai fankar da za ta yi aiki lafiya lau a banɗakin maƙwabcinka, kai ka sa irinta ta yi ta kuka shekara da shekaru ba ta fitar da komai ba.

Abin da zai yanke maka hukunci shi ne nisan da ke tsakanin banɗakin da sararin waje, da yawan kwanar da iska za ta sha kafin ta fita. Ka fara auna wannan kafin ka kalli kwali ko farashi. Sauran ma'aunai suna biyo baya ne.

Ma'aunan da za a duba

Na farko, yawan iskar da fankar take fitarwa. A jikin kwali ana rubuta shi da kubik mita a awa, ko lita a sakan, ko kuma CFM, wato kubik ƙafa a minti, idan kayan na kasuwar Amurka ne. Lita ɗaya a sakan daidai take da kubik mita 3.6 a awa, CFM ɗaya kuma kusan kubik mita 1.7 a awa. Dokar gini ta Ingila ta ce fankar banɗaki da ake kunnawa ana kashewa kada ta gaza lita 15 a sakan, wato kubik mita 54 a awa, ɗakin da masai ne kawai a ciki kuma lita 6. Ƙa'idar ASHRAE 62.2 ta Amurka ta fi tsauri, ta nemi CFM 50, kusan kubik mita 85 a awa. Waɗannan mafi ƙaranci ne. Idan kana so ka lissafa na ɗakinka, ka ninka tsawo da faɗi da tsayi, sannan ka ninka da 8, domin ana so iskar ɗakin ta sauya kamar sau takwas a awa. Banɗaki mai mita 2 da mita 2.5, tsayinsa mita 2.8, yana da kubik mita 14, ke nan yana buƙatar kusan 112 a awa. Ka lura, ƙaramar fankar nan mai bakin milimita 100 da aka fi sani yawanci ba ta wuce 85 zuwa 100 ba, don haka ga ɗaki irin wannan ta ɗan yi kaɗan.

Na biyu, ƙarfin turawa, kuma shi ne wanda mutane suka fi mantawa. Lambar da ke jikin kwali galibi an auna ta ne ba tare da dogon bututu ba. Da zarar an haɗa bututu, kowace mita da kowace gwiwa tana cin nata rabo. Fanka mai farfela, wadda iska take shiga ta gaba ta fita ta baya kai tsaye, tana kwasar iska da yawa amma ba ta da ƙarfin ture ta nesa. Fanka mai ganga, wadda ke da wani zagayayyen keji mai ƙananan fikafikai a ciki, tana jan iska ta tsakiya ta watsa ta gefe da matsi, shi ya sa take iya jure dogon bututu.

Na uku, ƙara. Kada ka raina wannan, domin fankar da ta cika kunne ba a kunna ta, wadda ba a kunnawa kuwa da ita da babu duk ɗaya. Kayan Turai ana rubuta ƙararsu da desibel, galibi an auna daga nisan mita 3, kuma abin da ya gaza 30 shi ne mai shiru. Ƙarin desibel 10 kunne yana jin sa kamar ninki biyu. Kayan Amurka kuma da wani ma'auni mai suna "son" ake aunawa: son 1 kamar gunjin firiji ne a ɗaki shiru, son 2 ninkinsa, son 4 kuwa ninki huɗu.

Na huɗu, haɗarin ruwa da lantarki. Ƙa'idar wayarin ta duniya ta raba banɗaki shiyya-shiyya. Saman baho ko wurin shawa har tsayin mita 2.25 daga ƙasa shiyya ta ɗaya ce, santimita 60 da ke gefenta kuma shiyya ta biyu. Duk fankar da za a sa a waɗannan wurare dole ta kasance da alamar IPX4 ko sama da haka, ma'ana fantsamar ruwa ba ta shiga cikinta, layin wutar kuma ya bi ta na'urar yanke wuta mai miliamfiya 30 wadda ke tsinkewa idan wuta ta fara zuba. Akwai fankoki masu aiki da bolt 12, taransifomarsu tana can wajen shiyyar, su ne suka fi kwanciyar hankali idan dole a sa fanka daf da shawa.

Sai kuɗi, da ƙarko, da wahalar girkawa. A wajen kuɗi ka haɗa lissafin duka: fankar, bututu, murfin waje, hudar bango, da ladan mai wayarin. Sau da yawa fankar ce mafi araha a cikinsu.

Ta bango

Idan ɗaya daga cikin bangon banɗakin yana kallon waje, ba sai ka wahalar da kanka ba, wannan ce taka. Ana huda bangon, a zura guntun bututu da bai wuce kaurin bangon ba, fanka ta zauna ta ciki, murfi ta waje. Iska ba ta da tafiyar da za ta yi, don haka fanka mai farfela, wadda ita ce mafi araha, tana ba da kusan dukkan abin da aka rubuta a kwalinta. Gyaranta ma ba wuya: ka kashe wuta, ka cire fuskar, ka goge ƙurar da ta manne a farfela, ka mayar.

Wahalarta ɗaya ce, hudar. Fanka mai bakin milimita 100 tana son rami ɗan sama da haka, kamar 110. Injin huda mai zagayayyen baki yana fitar da ramin sumul, amma kurfi da guduma kan tsaga filasta ko su fasa tayil, sai gyaran ya fi fankar tsada. Kafin a huda a tabbatar babu wayar wuta ko bututun ruwa a cikin bangon, kuma kada a taɓa kankaren da ke ɗauke da nauyi a saman ƙofa ko taga. Ramin ya ɗan karkata ƙasa ta wajen waje, don ruwan sama da raɓar da ke taruwa a bututu su gangara waje maimakon su dawo cikin injin.

Rauninta na gaske shi ne iskar waje. Idan bangon yana fuskantar inda iska take kaɗawa da ƙarfi, za ta riƙa ture wadda fankar take fitarwa, murfin mai lilo kuma ya yi ta ƙwanƙwasa da dare. Murfi mai rumfa, wanda bakinsa ke kallon ƙasa, yana rage wannan. Sannan injin yana cikin ɗakin tare da kai, duk ƙarar da ya yi a kunnenka take.

Ta taga

Fanka ce mai farfela ita ma, sai dai a jikin gilashin taga ake dasa ta. Amfaninta shi ne ba a taɓa bango, abin da ya sa ta dace da ɗan haya. Gilashi na yau da kullum mai yankan gilashi zai iya fitar masa da zagaye, amma gilashin da aka ƙarfafa da zafi ba ya yankuwa, tarwatsewa yake yi, mai ruɓi biyu kuma sai dai a yi odarsa da raminsa tun daga masana'anta. Hanya mafi sauƙi ita ce a cire gilashi guda a ajiye, a sa allon roba mai kauri a gurbinsa, ranar tashi a mayar.

Ban cika son ta ba. Tana rage haske, gilashi yana ƙara mata karkarwa, rana da ruwan sama suna cin robarta da wuri, kuma tagar ba lallai ta kasance inda tururi yake taruwa ba. Idan kuma aka bar ɗaya ɓangaren tagar a buɗe, iska takan shigo ta nan ta juya ta fita ta fankar nan take, ba ta ko leƙa wurin shawa ba.

Ta silin

Banɗakin da ke tsakiyar gida, babu bango ko ɗaya da ke kallon waje, shi ne mai wannan. A ka'ida ita ce ta fi dacewa da halin tururi, tunda sama yake tashi, kuma ana iya sa ta daidai inda ake so. Amma a nan ne aka fi yin aikin banza, iri biyu.

Na farko shi ne a yanka silin, a maƙala fanka, a bar ta tana hura tururi cikin sararin da ke tsakanin silin da rufi, babu bututu ko kaɗan. Daga ƙasa komai ya yi kyau, madubi ma yana washewa. A sama kuwa tururin yana haɗuwa da rufi mai sanyi ya koma ruwa, ya jiƙa katako, ya sa ƙusa tsatsa, ya ɗiga a bayan silin. Bayan wani lokaci sai a ga taswirar ruwa mai launin ƙasa-ƙasa ta bayyana, wani lokaci ma a silin ɗin ɗakin kwana na kusa, a yi ta zargin rufi yana yoyo alhali rufin lafiyarsa ƙalau. Dole bututu ya kai har waje, ta bango ko ta rufi. Kuma ba a haɗa shi da bututun numfashin masai, ko na hayaƙi, ko na fankar kicin.

Na biyu shi ne a ɗauki fanka mai farfela, don ta fi araha kuma an rubuta ana iya sa ta a silin, a haɗa mata bututun mita huɗu ko biyar. Farfelar za ta juya, za a ji ƙara, amma iskar da ke fita ta can ƙarshen ba ta kai ta kaɗa takarda ba. Mai farfela iyakarta mita ɗaya zuwa biyu a miƙe. Abin da ya wuce haka aikin mai ganga ne, ko da kuwa kuɗinta ya ninka. Araha ba ta ado.

Shi kansa bututun yana da nasa sharaɗi. Mai santsin ciki, na roba mai tauri ko na ƙarfe, ya fi mai lanƙwasa nesa ba kusa ba, domin kowace tattara a jikin mai lanƙwasa birki ce ga iska. Idan babu makawa sai shi, a ja shi ya miƙe sosai, a ɗaure shi kada ya yi ciki, saboda a wannan cikin ne ruwa yake kwanciya har ya toshe hanya. Kada a rage faɗinsa ya gaza bakin fankar. Ƙara faɗi kuwa riba ce babba: bututun milimita 150 ya fi na 100 fili fiye da ninki biyu. Inda saman silin yake yin sanyi, a naɗe bututun da abin hana sanyi don tururi kada ya koma ruwa a hanya. Idan an bi ta rufi, wurin da aka huda shi ne inda yoyo zai fara in ba a liƙe shi da kyau ba, shi ya sa fita ta bangon gefe ta fi sauƙin sha'ani idan akwai hali. Gidan da silin ɗinsa kankare ne tsantsa, babu sarari a sama, sai dai a bi da bututun ta kusurwa a rufe shi da akwati, kuma wannan ƙarin aikin kafinta ne.

Ta cikin bututu

A wannan tsarin injin ba ya cikin banɗakin kwata-kwata. Raga kawai ake gani a silin, injin yana can sama a tsakiyar bututu. Daga nan fa'idodi uku suke fitowa. Ƙara ta yi nisa da kunne. Lantarki ya yi nisa da ruwa, don haka ana iya sa ragar a saman shawa daidai ba tare da fargaba ba. Ƙarfi kuma ya fi, domin irin waɗannan injinan sukan fitar da ninki biyu na abin da mai farfela mai faɗin baki irin nasu take fitarwa, kuma suna jure dogon bututu. Inji ɗaya ma yana iya ɗaukar raga biyu, ɗaya a saman shawa ɗaya a saman masai, ko banɗaki biyu da ke jere, muddin an sa wa kowane reshe marfin hana iska komawa baya.

Ita ce mafi tsada a saye da girkawa, kuma tana buƙatar wurin da mutum zai iya kaiwa gare ta. Wanda ya binne inji a bayan silin bai bar ƙofar dubawa ba, ranar da boris, wato zoben ƙarfe mai ƙwallaye da injin ke juyawa a kai, ya fara kuka sai an fasa silin. Kada kuma a ɗaure injin kai tsaye a katakon da ke riƙe da silin, domin karkarwarsa za ta bi katakon ta zama gunji a gidan gaba ɗaya. A sa roba a ƙarƙashinsa ko a rataye shi.

Akwai iri na biyar, mai maido da ɗumi, wadda ke karɓar zafin iskar da ke fita ta ba wa wadda ke shigowa. A ƙasashe masu tsananin sanyi da gidaje masu rufe ruf tana biyan kuɗinta. A wurin da ba a kashe kuɗin ɗumama ɗaki, tsada ce kawai.

| Iri | Kuɗi gaba ɗaya | Nisan da take jurewa | Ƙara | Wahalar girkawa | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| Ta bango | Kaɗan | Kaurin bango, iyaka mita 1 zuwa 2 | Matsakaiciya | Hudar bango | Iskar waje, tsagewar tayil |
| Ta taga | Mafi ƙaranci | Babu bututu | Mai yawa | Yankan gilashi | Saurin lalacewa |
| Ta silin mai ganga | Matsakaici | Mitoci da dama | Kaɗan zuwa matsakaiciya | Bututu da fitarwa waje | Ruwa a bututu, yoyon rufi |
| Ta cikin bututu | Mafi yawa | Mafi nisa | Mafi ƙaranci | Sarari a sama da ƙofar dubawa | Wuyar gyara idan an binne ta |

Abin da ya shafe su duka

Fanka ba ta iya fitar da iskar da ba a bar wata ta maye gurbinta ba. Kamar ka sa baki a kwalba ne kana zuƙa, za ka ja kaɗan ka tsaya. Ƙofar banɗaki tana buƙatar rata a ƙasa, dokar Ingila ta ce milimita 10 sama da daɓe, ko kuma a sa mata raga. Fankar ta zauna a sama, kusa da shawa, nesa da ƙofa, yadda iskar da ta shigo za ta share ɗakin kafin ta fita. Gwajin yana da sauƙi: rufe ƙofa, kunna fanka, kai fallen takardar bayan gida jikin ragar. Idan ta manne, ana zuƙa. Idan ta faɗi amma da ka buɗe ƙofa ta manne, laifin ƙofar ne. Idan ko a buɗe ba ta manne ba, ka duba bututu da murfin waje, musamman ragar hana ƙwari, wadda ƙura kan like ta ba a sani ba.

Wanda ke da hitar ruwa mai aiki da gas a cikin banɗaki ko kusa da shi, irin mai shaƙar iskar ɗaki, ya tsaya tukuna. Fanka mai ƙarfi tana iya janyo hayaƙin hitar ya dawo ciki, kuma a cikinsa akwai iskar kabon monoksaid wadda ba ta da wari ba ta da launi, tana kisa. Wannan sai ƙwararren ma'aikacin gas ya duba kafin a sa komai.

Makunni ma zaɓi ne. Haɗa fanka da makunnin fitila shi ne mafi sauƙi, amma tana mutuwa ne daidai lokacin da aikinta ya fara, domin danshin da ke jikin bango da tawul bayan wanka yake fita. Mai agogo, wadda ke ci gaba da aiki minti 15 zuwa 20 bayan an kashe fitila, ita ce na fi ba da shawara, sai dai tana son ƙarin waya mai wuta a kowane lokaci, don haka a gaya wa mai wayarin tun farko. Mai jin danshi tana kunna kanta, abin sha'awa, amma a wuri mai laima da damina takan ƙi mutuwa sai an daidaita ta. Akwai kuma masu juyawa a hankali dare da rana, su ƙara gudu lokacin wanka, suna cin wat kaɗan ƙwarai. Manufar dai danshin gida ya zauna ƙasa da kashi 60 cikin ɗari, kamar yadda hukumar kare muhalli ta Amurka take ba da shawara, domin sama da haka ne funfuna yake samun wurin zama.

A wajen ƙarko, ka nemi inji mai boris, ya fi mai bushi daɗewa, musamman idan a silin za a kwantar da shi. Ka nemi kuma mai fis ɗin zafi a ciki, saboda tsohuwar fanka da ƙura ta cushe tana iya yin zafi har ta kama wuta.

Wace ce taka

Banɗaki ƙarami mai bangon waje: ta bango mai agogo, bakin milimita 100, ko 150 idan lissafinka ya wuce kubik mita 100 a awa. Ɗan haya da ba a yarda ya huda bango ba: ta taga a jikin allo, ka rufe sauran tagar idan tana aiki. Banɗakin tsakiyar gida da bututunsa zai wuce mita biyu ko ya sha kwana: ta silin mai ganga, da bututu mai santsi har waje. Banɗakin da ke cikin ɗakin kwana, ko babba mai shawa da baho, ko guda biyu a jere, kuma akwai sarari a sama: ta cikin bututu. Gidan da mutane suke da yawa, ana wanka ɗaya bayan ɗaya, ga wanki ana shanyawa a ciki: mai juyawa dare da rana, ta bango ko ta silin gwargwadon nisan waje. Idan kuma kana da tsohuwar fanka da kake shirin cirewa don ba ta aiki, yi gwajin takarda ka leƙa saman silin tukuna, domin idan bututun ne ya tsinke ko ya cika da ruwa, sabuwar ma haka za ta yi.